Rachael Heyhoe Flint: Kyaftin ɗin da Ta Riga Maza Kafa Gasar Kofin Duniya ta Kurket

Masu kallo, assalamu alaikum. A ranar 28 ga watan Yuli na shekarar 1973, a filin wasa na Edgbaston da ke birnin Birmingham a ƙasar Ingila, Gimbiya Anne ta miƙa wa wata mata mai shekara 34 kofi, bayan tawagar matan Ingila ta lallasa ta Ostiraliya da tazarar maki 92. Wannan shi ne kofin duniya na farko da aka taɓa ɗagawa a tarihin wasan kurket, domin maza ba su yi nasu ba sai a shekarar 1975. Matar da ta karɓi kofin ita ce Rachael Heyhoe Flint, kyaftin ɗin tawagar, kuma ita ce ta nemo kuɗin da aka shirya gasar da shi tun daga tushe.

Kafin mu shiga tarihinta, ya dace mu ɗan fayyace wasan ga waɗanda ba su saba kallonsa ba. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11. Mai jifa yana auna wasu turaku uku da ƙwallo, mai bugu kuma yana tsaye a gabansu da faffaɗar sanda yana kare su, yana kuma neman maki. Idan ƙwallon da ya buga ta gangara ta fita iyakar fili, ya sami maki huɗu, idan kuma ta tsallake iyakar ta sama ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ya sami shida. Akwai doguwar karawa da ake kira Tes, wadda ake kwashe kwanaki ana yi, kuma idan lokaci ya ƙare ba a fitar da gwani ba, sai a tashi canjaras. Akwai kuma karawar yini ɗaya.

An haifi Rachael Heyhoe a ranar 11 ga Yuni, 1939, a Wolverhampton, garin da masu bin gasar Firimiya suka sani ta dalilin ƙungiyar Wolves. Iyayenta duka biyu malaman motsa jiki ne, ita ma ta bi sahunsu, ta yi karatu a kwalejin horar da malaman motsa jiki ta Dartford, ta koyar na 'yan shekaru, sannan ta koma aikin jarida. Akwai wani labari da ta sha bayarwa game da ƙuruciyarta. Wata rana suna buga kurket a kan titi tare da yayanta da abokansa, sai ɗan sanda ya zo ya tsayar da wasan, ya rubuta sunayen yara mazan, ya ƙyale ta. Da ta tunatar da shi cewa ita ma tana cikin masu wasan, sai ya ba ta amsa da cewa ai 'yan mata ba sa buga kurket.

Ta fara buga wa Ingila wasa a shekarar 1960 a wata ziyara zuwa Afirka ta Kudu. A 1963, a filin Oval da ke Landan, ta zama mace ta farko da ta buga maki shida da bugu ɗaya a karawar Tes, kuma matan Ostiraliya ne ta yi wa hakan. A shekarar da ta biyo baya ta tsare wa Ingila raga a wasan hoki, abin da ke nuna cewa baiwarta ba ta tsaya a fage ɗaya ba. A jimlace ta buga karawar Tes 22 tsakanin 1960 da 1979, ta tara maki 1,594.

An naɗa ta kyaftin a 1966, kuma a karawar Tes 12 da ta jagoranta ba a taɓa doke Ingila ba. Gaskiya dai ita ce goma daga cikinsu canjaras aka tashi, biyu kacal ta ci, dukansu a kan Niyuzilan, saboda kwanakin da ake ware wa karawar mata ba su cika isa a kammala wasa ba. Amma canjaras ɗaya daga ciki ya fi wasu nasarori daraja. A 1976, a filin Oval, Ostiraliya ta yi wa Ingila nisa ƙwarai, har ana ganin shan kaye ya tabbata. Rachael, wadda a lokacin take da shekara 37, ta tsaya a gaban turaku na tsawon minti 521, wato sama da sa'a takwas da rabi, ta tara maki 179. Ta cinye lokacin da Ostiraliya take buƙata, aka tashi babu wanda ya yi galaba.

Duk da haka, abin da ya bambanta ta da sauran gwanayen zamaninta yana wajen fili ne. A wancan lokaci matan da ke wakiltar Ingila ba a biyan su ko sisi. Galibinsu malaman makaranta ne, su suke sayen kayan wasansu, su suke haɗa kuɗin tafiya, kuma sukan ɗauki hutu ba albashi idan ziyara ta yi tsawo. Ƙungiyar Kurket ta Mata, wadda aka kafa a 1926, 'yan sa kai ne ke tafiyar da ita, kuma aljihunta bai taka kara ya karya ba. Rachael ta fahimci cewa komai ƙwarewar 'yan wasa, idan babu kuɗi kuma jaridu ba sa ambaton su, wasan ba zai je ko'ina ba. Don haka bayan an tashi daga fili, ita ce kan zauna ta rubuta rahoton wasan da ta buga da kanta, ta aika wa jaridu irin su Daily Telegraph. Ta riƙa yawon jawabi a tarurrukan liyafa, inda aka san ta da iya barkwanci, tana tallata wasan mata ga masu hannu da shuni.

A cikin waɗannan masu kuɗi akwai Jack Hayward, attajiri haifaffen Wolverhampton mai harkoki a tsibiran Bahamas, wanda daga baya ya sayi ƙungiyar Wolves. Shi ne ya ɗauki nauyin ziyarar matan Ingila zuwa yankin Karebiyan a farkon shekarun 1970. A 1971, cikin wata hira tsakaninsa da Rachael, aka haifi shawarar tara ƙasashe a gasa guda, ya kuma ba da fam 40,000. Tawagogi bakwai ne suka fafata a 1973: Ingila, Ostiraliya, Niyuzilan, Jamaika, Tirinidad da Tobago, sai tawagar matasan Ingila da wata ta haɗin gambiza daga ƙasashe daban-daban, waɗanda aka ƙara domin a cika adadi. Kowa ya kara da kowa, kuma wasan ƙarshe na jadawalin shi ne ya raba gardama. Enid Bakewell ta buga maki 118, Rachael ta ƙara 64, Ingila ta tashi da 279.

An yi wannan wasa a Edgbaston ne domin ba a ba su filin Lord's ba. Lord's, da ke arewa maso yammacin Landan, shi ake ɗauka a matsayin gidan kurket na duniya, kuma mallakar kulob ɗin Marylebone ne, wanda aka fi sani da MCC. An kafa kulob ɗin a 1787, shi ne mai kula da dokokin wasan har yau, kuma a wancan zamani maza zalla yake karɓa. Rachael ba ta daina matsa musu ba har sai da suka amince, aka buga wasan mata na farko a can a ranar 4 ga Agusta, 1976, ita ce ta jagoranci Ingila zuwa cikin fili, suka kuma doke Ostiraliya.

Shekara guda bayan wannan, Ƙungiyar Kurket ta Mata ta tuɓe ta daga muƙamin kyaftin, aka kuma bar ta a gida lokacin gasar kofin duniya ta 1978 a Indiya. Masu rubuta tarihin wasan da dama sun danganta hakan da cewa wasu shugabannin ƙungiyar suna ganin sunanta ya fi na ƙungiyar tashe, kuma salonta na neman kuɗi da talla bai dace da al'adar sa kai da suka gada ba. A ganina wannan shi ne babban kuskuren da ƙungiyar ta tafka, domin abin da aka hukunta ta a kansa shi ne ya kawo musu kofin duniya da filin Lord's. Ta dawo tawagar a 1979 a matsayin 'yar wasa kawai, ta kuma buga gasar kofin duniya ta 1982 a Niyuzilan tana da shekara 42, inda Ostiraliya ta doke su a wasan ƙarshe.

Bayan ta ajiye sanda, ta mayar da hankali ga ƙofar MCC. A 1991 ta nemi zama mamba, mambobi suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi sauya dokar. A watan Fabrairun 1998 masu goyon bayan shigar mata sun yi rinjaye, amma ba su kai kashi biyu cikin uku da tsarin kulob ɗin ya gindaya ba. Sai a watan Satumba na wannan shekara aka sami adadin, bayan kulob ɗin ya shafe shekara 211 babu mace a cikinsa. A 1999 tana cikin mata goma na farko da aka ba su matsayin mambobin girmamawa, a 2004 kuma ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin babban kwamitin kulob ɗin.

Daga nan muƙamai suka yi ta zuwa. Ta yi darakta a ƙungiyar Wolves daga 1997 zuwa 2003. A 2010 ta zama ɗaya daga cikin mata biyu na farko a majalisar gudanarwa ta Hukumar Kurket ta Ingila da Wales, hukumar da ƙungiyar mata ta narke a cikinta tun 1998, kuma a shekarar ce Hukumar Kurket ta Duniya ta sanya ta a jerin gwarzayenta, mace ta farko da ta sami wannan matsayi. A farkon 2011 ta shiga Majalisar Dattawan Birtaniya a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Tana cikin majalisar gudanarwa ta hukumar Ingila da Wales a 2014 lokacin da aka bai wa 'yan wasan Ingila mata 18 kwantiragin albashi a karon farko, abin da ita ba ta taɓa samu ba a shekara 22 da ta yi tana buga wa ƙasarta wasa.

Ta rasu a ranar 18 ga Janairu, 2017, tana da shekara 77. Wata shida bayan rasuwarta, a ranar 23 ga Yuli, matan Ingila suka doke Indiya da maki tara a wasan ƙarshe na kofin duniya, a filin Lord's, kuma tikitin shiga ya ƙare tun kafin ranar. A wannan shekara aka sanya sunanta ga kyautar gwarzuwar 'yar wasan kurket ta duniya, a 2020 aka ƙirƙiro gasar cikin gida mai ɗauke da sunanta, a 2021 kuma Clare Connor, wata tsohuwar kyaftin ɗin Ingila, ta zama mace ta farko da ta shugabanci MCC. A 2022 kulob ɗin ya sake gina ƙofar gabas ta filin Lord's, ya raɗa mata sunan Heyhoe Flint.