Darasi: Yadda Ake Rina Siliki da Taɓo a Tsibirin Amami

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau darasinmu zai kai mu kudancin Japan, tsibirin Amami Oshima da ke lardin Kagoshima, inda ake saƙa wani yadin siliki da ake kira Oshima Tsumugi. Baƙi ne sidik mai ɗan ja-ja a ciki, kuma abin da ke ba shi wannan launi itace ne da taɓo.

To, mu fara da itacen. Sunansa techigi a bakin mutanen tsibirin. Ana sassara shi ƙanana, a zuba a ƙaton kasko, a yi ta dafawa sa'o'i masu yawa har ruwan ya koma kamar shayin da ya ji wuta. Marini zai tsoma zaren a ciki, ya cuɗa da hannu, ya matse, ya sake ruwa, yana haɗawa da ruwan farar ƙasa don rinin ya kama. Sai an yi haka kamar sau 20, a shanya, kafin a ɗauki zaren zuwa fadama.

A nan nake so ku kasa kunne sosai. Marinin zai shiga cikin taɓo har gwiwa, ya duƙa, ya yi ta murza zaren. Taɓon Amami yana da sinadarin ƙarfe mai yawa, ga shi da laushi, ba ya ƙuje siliki. Da ƙarfen ya haɗu da ɗacin itacen da zaren ya sha, sai launin ya juye daga ja zuwa duhu. Duk wanda ya taɓa zama wurin majema da dukawa ya san wannan: fatar da ta sha bagaruwa, ka shafa mata kuloko, nan take ta yi baƙi. To, hikimar ɗaya ce. Sai dai su can tsoma 20 da taɓo ɗaya zagaye guda ne kawai, kuma sai an yi wajen zagaye huɗu, wato tsoma 80 ko fiye. Idan taɓon ya gaji, sai su zuba masa ganyen wata bishiya mai kama da ƙaramar dabino, sotetsu, ya farfaɗo.

Wani zai ce, to adon fa, daga ina yake fitowa? Kafin rini ake shirya shi. Ana ɗora zaren silikin a wata masaƙa ta musamman, shimebata, a saƙe shi tam da zaren auduga, duk inda audugar ta danne rini ba ya shiga. Aikin ƙarfi ne, shi ya sa galibi maza ke yi. Bayan rini sai a warware audugar, sai ga zare da ɗigo-ɗigon fari a jikinsa. Saboda haka ne ake cewa sau biyu ake saƙa wannan yadi.

Saƙa ta biyun ita ce ta fi taɓa ni. Masaƙiya za ta jefa ƙoshiya, ta saƙa kamar santimita 7, sai ta tsaya, ta ɗauki allura, ta bi zaren tsaye ɗaya bayan ɗaya tana ja, har ɗigon na tsaye ya hau kan ɗigon na kwance daidai wa daida. Ɗigon nan bai kai ƙwayar gero ba. Daga su ake haɗa zane irin su Tatsugo, mai kwaikwayon bayan macijin habu da ganyen sotetsu.

Turmi ɗaya, mai tsawon mita 12 da ɗoriya, shi ke yin rigar kimono guda, kuma daga zane zuwa gamawa yakan ci wata shida zuwa shekara. Idan kun samu yadin a hannu, ku juya shi: ciki da baya ado ɗaya ne, domin a jikin zaren yake.