Ɗan duman da ke hannun mazan Kogui ba hodar iblis ba ce

Kun ga dattijon nan mai fararen kaya, yana goga tsinke a wuyan ɗan duma, bakinsa cike da ganye? Tun da hotonsa ya fara yawo a WhatsApp ake cewa wai hodar iblis yake sha a bainar jama'a, tunda dai Kolombiya ce. To, a dakata. Bari mu fara isa wurin tukuna.

Dajin da ƙabilarsa, Kogui, take zaune yana kan tsaunukan Sierra Nevada de Santa Marta, a arewacin Kolombiya. Mota na ajiye mutum a ƙauyen El Mamey, daga nan sai ƙafa: kwana huɗu ko biyar, zuwa da dawowa, fiye da kilomita 40. Ga laka, ga sauro, ga kogin Buritaca da sai an tsallaka. Ba a shiga sai da ɗan jagora mai izini. A ƙarshe matakalar dutse wajen 1,200, mai santsi.

Ku kalli wannan.

Ciudad Perdida ke nan, wai "ɓataccen birni". Mutanen Tairona, tsohuwar al'ummar yankin, suka gina shi wajen shekara ta 800, ya girmi Machu Picchu, tsohon birnin nan na ƙasar Peru, da kusan shekara 650. Masu haƙar kaburbura don neman zinariya suka faɗo kansa a 1972, gwamnati ta turo masana a 1976. 'Yan ƙasa kuwa Teyuna suke kiransa, kuma sun ce su bai taɓa ɓace musu ba, shiru kawai suka yi.

A kan hanyar ne za ka haɗu da Kogui. Ba Kogi ta Lokoja ba, kada wani ya kira ni. Jikokin Tairona ne, su da ƙabilun Wiwa da Arhuaco da Kankuamo.

Yanzu ga ɗan duman. Sunansa poporo. Farin garin da ke ciki, wanda ya tayar da ƙura, ƙwaryar dodon koɗi ce ta bakin teku, aka ƙona aka daka. Ganyen da ke bakin dattijon shi ne koka, mata ke tsinko shi, a gasa, maza su tauna. Ya tsoma tsinke a cikin duman, ya ɗebo garin kaɗan, ya kai kan ganyen da ke kumatunsa, domin garin ne ke fito da ƙarfin ganyen. Duk wanda ya taɓa ganin tsoho yana haɗa garin taba da kanwa ya riga ya gane dabarar.

E, daga wannan ganye ake yin hodar iblis. Amma abin da ke cikinsa na sinadarin bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba. Kafin a samu kilo ɗaya na hoda sai an tara ɗaruruwan kilo na ganye, a jiƙa da fetur, a zuba asid da siminti. Sai wajen 1860 ma wani Bajamushe, Albert Niemann, ya ware sinadarin, alhali an yi dubban shekaru ana tauna ganyen a Kudancin Amurka. Abin da yake yi wa mai taunawa: ya rage yunwa, ya kore gajiya da barci. A ganina ya fi kusa da goro. Har gaisuwarsu ma haka take, maza biyu in sun haɗu, kowa ya ɗebi ganye daga jakarsa ya zuba a ta ɗan'uwansa.

Ku matso da ido kan wuyan duman. Kun ga wannan kauri mai ruwan ɗorawa? Bayan ya fitar da tsinken daga baki, sai ya goga shi a nan, yau da gobe, shekara da shekaru, har ya taru. Su a wurinsu tunanin mutum ne yake taruwa. Ba a ba yaro poporo. Shugabansu na addini, mamo, shi ke miƙa shi ga saurayin da ya isa aure, duman yana matsayin mace, tsinken namiji.

Su Kogui "manyan yayye" suke kiran kansu, mu sauran duniya ƙanne ne masu ɓarna. In ka je, ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Kuma ka bincika kafin ka sa ranar tafiyarka, don akwai lokacin da ake rufe hanyar a shekara, mamo su yi tsarkin wurin.