Na buɗe wayar, na yi amfani da ita: ko zan iya mayarwa?

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, Allah ya saka wa waɗanda suka shirya wannan zama. An ce in yi magana a kan wani abu da ke cin kuɗin mutanenmu a nan Birtaniya ba tare da sun ankara ba, wato sabunta kwantiragin waya.

Kun san yadda abin yake. Kwantiraginka na gab da ƙarewa, sai kamfani ya kira ka da murya mai daɗi, ya ce ka cancanci sabuwar waya, ƙarin kuɗin ma ɗan kaɗan ne a wata. Ka ce to. Wayar ta iso, ka yage ledar, ka sa layi, ka ɗauki hoton yara. Bayan kwana biyu ka zauna ka yi lissafi, sai ka ga ka ɗaura wa kanka bashin wata 24, wani lokaci ma 36. Daga nan mutum sai ya ce ai shi ke nan, tunda na buɗe. Wannan tunani daga gida muka zo da shi, inda ake rubutawa a ƙasan rasit cewa kaya idan ya bar shago ba ya dawowa. A nan ba haka doka ta ce ba, kuma yana yi mini ciwo in ga ma'aikaciyar jinya da ke kwana a tsaye tana biyan kuɗin wayar da ba ta so, alhali tana da hanyar fita.

Ƙofa biyu ce, kada ku haɗa su. Akwai wanda ya canza ra'ayi, akwai wanda aka sayar wa mai aibi.

Mu fara da wanda ya canza ra'ayi. Idan ta waya aka ƙulla cinikin, ko ta intanet, dokar da suke kira Consumer Contracts Regulations ta 2013, wadda ta fara aiki a watan Yuni na 2014, ta ba ka kwana 14 ka fasa. Ana fara ƙirga daga washegarin ranar da wayar ta shigo hannunka. Ba sai ka kawo dalili ba. Hikimar a fili take: ba ka ga kayan ba lokacin da ka amince, hoto kawai ka gani, don haka aka ba ka damar dubawa. Da zarar ka sanar da su, kana da wasu kwana 14 na aika wayar, su kuma su mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14 daga ranar da ta isa gare su ko ka nuna shaidar ka aika.

To, ga inda rigimar take. Buɗe kwali bai kashe maka haƙƙi ba, kunna wayar ma haka. Abin da doka ta yarje wa kamfani shi ne ya cire wani abu daga kuɗin, idan ka wuce irin dubawar da za a bari ka yi a cikin shago har darajar wayar ta ragu. A shago kana iya ɗaukarta, ka ji nauyinta, ka gwada kyamara, ka duba hasken fuskarta. Amma idan ka yi kwana goma tana aljihu ɗaya da makulli har ta karce, za a rage maka, kuma ni ban ga zalunci a nan ba. Kiran da ka yi da datar da ka ƙona a kwanakin, su ma ka sa ran biya. Ma'aikacin kamfanin da ke bakin waya kuwa, idan ya ce maka ba a karɓar wadda aka kunna kwata-kwata, ka ce ya rubuto maka hakan. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: idan kamfani bai sanar da kai haƙƙin fasawa ba tun farko, lokacin yana iya tsawaita har zuwa ƙarin wata 12, kuma ba shi da ikon rage maka kuɗi saboda amfani.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu da ke nan sun san hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim, kan tunkiya ko taguwa da aka bari ba a tatsa ba don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Aka ce idan ya tatsa ya gane, yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar haɗe da sa'i ɗaya na dabino. Tatsar ba ta hana shi mayarwa ba, nonon da ya sha kuma bai tafi a banza ba. Ina faɗin haka ne saboda na ji wasu samari suna shawarar a karɓi waya a yi biki da ita a mayar. Wannan cin amana ne, ko da doka ba ta kama ka ba.

Idan kuwa da ƙafarka ka shiga shago ka sa hannu, babu waɗannan kwana 14 a doka. Wasu kamfanoni na bayarwa don kyautatawa, da sharuɗɗansu. Ka tambaya kafin ka ɗauki biro.

Sai ƙofa ta biyu, waya mai aibi. Nan Consumer Rights Act ta 2015 ce ke aiki, a shago ka saya ko ta intanet. Dole kaya ya kasance mai inganci, ya yi aikin da aka saye shi dominsa, ya dace da yadda aka siffanta shi. Idan batir na zuƙewa cikin awa biyu, ko fuskar tana ɗaukewa, kana da kwana 30 ka ƙi ta a ba ka kuɗinka cif, kuma amfanin da ka yi ba hujja ba ne a kanka, don ta amfani ake gane aibi. Bayan kwana 30, za a ba su dama ɗaya su gyara ko su canza. Idan ba ta yi ba, ka nemi kuɗinka ko ragi. A cikin wata shida na farko, su ne za su tabbatar da cewa lafiya lau suka ba ka ita. Kuma wanda ya sayar maka shi ke da alhaki. Kada ya tura ka wurin Samsung ko Apple ka tafi kana sunkuyar da kai. Garantin masana'anta ƙari ne kawai a kan haƙƙinka.

Hajiya ta tambaya daga baya can: me mutum zai yi a aikace? Hajiya, ki sanar da su a rubuce, ta imel, don a ga kwanan wata. Ki tambaye su ko za a mayar da ke kan tsohon tsarinki, kuma a soke yarjejeniyar bashin wayar, don sau da yawa takarda biyu ce, ta layi daban, ta waya daban. Kada ki yi saurin ba su tsohuwar wayarki a musaya sai kin tabbata kina son sabuwar. Kafin ki aika musu sabuwar wayar, ki cire asusunki na Google ko iCloud, ki goge komai, ki ɗauki hoton wayar gaba da baya, ki danna *#06# ki rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Ki aika ta hanyar da ake bin sawun kaya, ki adana rasit. Idan suka yi ta ja miki rai, ƙungiyar Citizens Advice na ba da shawara kyauta, kuma Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa, ta wajabta wa kowane kamfanin layi shiga ɗaya daga cikin masu sasanci biyu, Communications Ombudsman ko CISAS. Kai ƙara wurinsu ba a biyan ko kwabo. Wanda takardarsa ke hannunsa yanzu, ya same ni bayan salla mu duba kwanan watan tare.