Taku ɗaya sabis ya cika, taku ɗaya ya ɗauke: me wayarka take aunawa?

Jama'a assalamu alaikum. Bidiyon nan da ke ta yawo na yaron da ya tsaya gindin rumbu, ya matsa kaɗan sabis ya cika, ya koma ya ɗauke, kun ishe ni da tambaya a kansa. Wasu na cewa wai ƙarfen sabis ya ƙara kusanta. Haba jama'a, ƙarfen da sai ka hau mashin kafin ka je gindinsa, taku ɗaya me zai rage masa?

To ku dubi allo. Sigina idan ya baro ƙarfe ba hanya ɗaya yake biyowa ba. Wani ya zo kai tsaye, wani ya daki kwanon makaranta ya dawo, wani tankin ruwa, idan kuma irin yankin Birnin Kudu ne ko Dutse, duwatsun nan ma mayar da shi suke. Duk saƙo ɗaya ne, amma kowanne da lokacin isowarsa. Gudun sigina kilomita 300,000 ne a sakan ɗaya, wato wanda ya yi zagayen ƙarin mita 300 zai makara da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Sigina kamar igiyar ruwa yake tafiya, da tudu da kwari. Idan waɗanda suka biyo hanyoyin nan suka haɗu tudu kan tudu sai ƙarfi ya ƙaru, idan tudu ya faɗa kwarin ɗan'uwansa sai su cinye juna. A zangon megahaz 900, wato sigina mai kaɗawa sau miliyan 900 a sakan, tsawon igiya ɗaya kusan santimita 33 ne, rabinsa bai wuce tsawon tafin hannunka ba, shi ya sa matsawa kaɗan ke juya lissafin. Wannan ɓangaren ba wuya.

Inda kowa ke ɓata shi ne nan: yawancinku kun ɗauka waya zaɓar mai ƙarfi take yi ta watsar da sauran. A'a. Aunawa take yi, ta gano hanyoyin nawa ne, kowacce ta makara da nawa, ƙarfinta nawa, a tudu ta iso ko a kwari. To ta yaya za ta auna abin da ya iso a cakuɗe alhali ba ta san me aka aiko ba?

Ka tuna amsa-kuwwa a gindin dutse. Idan kai ka ƙwala kira, ka san abin da ka faɗa, don haka da ya dawo za ka gane wannan ya dawo da wuri da ƙarfi, wancan ya makara kuma a raunane. Amma baƙo ya yi ta zuba magana daga nesa tana hawa kan amsa-kuwwarta, sai dai ka ce me ka ce? Saboda haka sai aka shirya ƙarfe ya riƙa cusa wata sananniyar alama a cikin saƙo, wadda waya ta riga ta haddace tun daga kamfani. A tsarin GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001, kowane ƙunshin saƙo ɗigo 148 ne (ɗigo shi ne sifili ko ɗaya irin na kwamfuta), 26 na tsakiya ba muryarka ba ce ba ta kowa ba ce, alamar gwaji ce zalla.

Yanzu ku kalli zanen nan da kyau, zan rage gudu. Layin sama shi ne abin da wayar ta karɓa, ruɗaɗɗe. Na ƙasa shi ne alamar da ta haddace. Sai ta riƙa jan na ƙasan a hankali tana gwadawa, bai dace ba, bai dace ba, yauwa, nan ya dace, kun ga tsini ya tashi. Ta ci gaba da ja, ga wani tsinin ɗan gajere, can gaba ga na uku da ƙyar ake ganinsa. Kowane tsini hanya ɗaya ce. Inda ya tsaya shi ke nuna makararsa, tsayinsa shi ke nuna ƙarfinsa. Da ta samu wannan taswirar sai ta koma kan ainihin saƙon, wanda ba ta sani ba, ta warware cakuɗewar da hanya ta yi masa. Wallahi ni a duk harkar waya babu dabarar da ta kai wannan burge ni, kuma ƴar rakani-kashin da ke aljihun baba ma tana yi.

Kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba, don taswirar ba ta daɗewa, kana cikin mota a hanyar Kano zuwa Dutse tana gudun kilomita 100, a megahaz 900 zangon kansa na iya gocewa da kusan haz 83, wato kaɗawa 83 a sakan, kafin ka ƙifta ido an sake awon sau da yawa. 4G ma haka, sai dai ita warwatsa alamomin take yi a wurare daban-daban cikin zangon.

Akwai iyaka fa. Hanyoyi biyu idan tsawonsu ya yi kusa sosai, tsininsu haɗewa yake ya zama ɗaya. Faɗin zango, wato faɗin filin da aka ware wa siginar, shi ke raba gardama: da megahaz 20 kana rarrabe bambancin kusan mita 15, da megahaz 100 irin na 5G kusan mita 3. Injiniyoyi na da lissafai masu tsanani irin MUSIC na Ralph Schmidt da SAGE da ke raba waɗanda suka manne, har su faɗi ta wace kusurwa kowanne ya shigo idan eriya ta fi ɗaya, amma wannan sai mu kwana a nan, kuma data ɗinku ba na banza ba ne.

Waccan ƴar sitika da ake tallarta a kasuwar ƙauye wai a manna a bayan waya ta jawo sabis, don Allah ku riƙe kuɗinku ku sayi ƙosai.

Wayoyin 4G da 5G ma cin moriyar tarin hanyoyin suke yi. Da eriya biyu ko huɗu, idan an auna hanyoyin daidai, ana iya tura saƙonni daban-daban a lokaci ɗaya a zango ɗaya, shi ake kira MIMO. Shi ya sa a fili fetal tsakiyar gonar gero, inda babu abin da sigina zai daka, za ka iya ganin sabis a cike amma gudun data bai kai na wurin da ke da gine-gine da kwano ba.