Shirin tsallakawa daga kwaleji zuwa jami'a a Kalifoniya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ina magana da ku daga harabar kwalejinmu ta shekara biyu a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma takardar nan da ke hannuna jadawalin darussan da suka rage mini ce kafin in nemi gurbi a jami'a.

Shawarata ga duk wanda ya biyo wannan hanya ita ce ya tsai da fannin da zai karanta da jami'ar da yake hari tun a zangon farko, sannan ya zaɓi darussa. Jami'ar Kalifoniya tana so mai neman shiga aji uku ya zo da yunit 60 (yunit shi ne ma'aunin nauyin darasi), amma ba kowane darasin da aka ci a kwaleji take lissafawa ba, kuma wanda ta lissafa ma ba lallai ne ya biya buƙatar fanninka ba. Akwai shafin intanet mai suna ASSIST, inda za ka sa sunan kwalejinka da na jami'ar da fannin, ya nuna maka wane darasi ne yake daidai da wane. Ni da nake son injiniyanci, lissafi ne ya tsara mini komai, domin darussansa a jere suke kamar matakalar bene, ba a hawa na uku sai an taka na biyu, wanda kuwa ya makara da fara su zai iya ƙara shekara guda cur. Ga ɗalibin da ya zo daga waje, wanda yake biyan kuɗin makaranta ninkin ba ninkin na ɗan jiha, wannan shekara ba ƙaramar asara ba ce.

Sai batun lamunin gurbi da ake kira TAG, wato alƙawarin ba ɗalibin kwaleji gurbi idan ya cika sharuɗɗa. Rassa shida na Jami'ar Kalifoniya ne suke bayar da shi, wato Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley da Los Angeles (UCLA) da San Diego ba sa ciki. Reshe ɗaya kawai ake zaɓa, ana cike takardar a watan Satumba, sannan a cike babbar takardar neman shiga kafin ƙarshen Nuwamba, kusan shekara guda kafin a koma. Mafi ƙarancin matsakaicin makin (GPA) da Jami'ar Kalifoniya take karɓa daga wanda ba ɗan jiha ba shi ne 2.8 cikin 4, sai dai a fannoni masu cunkoso wannan maki ba ya kai mutum ko bakin ƙofa, kuma wasu fannonin an cire su daga lamunin gaba ɗaya.

Wanda ya taɓa karatu a wata jami'a ko kwalejin kimiyya a gida, ko da zango ɗaya ne, wajibi ne ya bayyana shi a takardar, domin ɓoye shi yana iya sa a janye gurbin bayan an bayar.

Mu masu bizar karatu ta F-1 kuma, da zarar gurbi ya tabbata, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na kwaleji ne zai miƙa bayananmu na SEVIS, wato rumbun bayanan ɗaliban waje na gwamnatin Amurka, ga jami'ar, ita kuma ta ba da sabuwar I-20, takardar shaidar ɗalibi da bizar ta dogara a kanta, bayan ta ga shaidar kuɗin shekara guda. Saboda haka na riga na sanar da Baba tun yanzu ya fara shirin takardar banki.