Ƙudujin gonar Baba ne ya kawo ni Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaba, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, da ku yaran da ke can baya kuna latsa waya, ina ganinku fa, barkanmu da wannan taro. Waɗanda suka taso daga Landan da Birmingham tun da asuba cikin wannan sanyi, sannunku da hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

Sakatare ya kira ni makon jiya ya ce wai in zo in yi wa matasa magana kan karatun gaba da digirin farko, na ce to ai akwai likitoci da injiniyoyi a cikinmu me ya sa sai ni, ya ce ai su an ji nasu har an gaji, kai ne dai har yau ba a gane me kake yi ba. Kuma gaskiyarsa. Akwai wata Hajiya a nan, ba zan nuna ta ba, shekara uku tana gabatar da ni da "ga ɗanmu mai maganin gargajiya". Hajiya na yafe.

Abin da na karanta shi ne kimiyyar tsirrai, wato botani. Digirin farko a gida, mastas da dakta a nan. Ranar da na gaya wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shiru ya daɗe yana kallona sannan ya ce, yanzu mun sayar da gero mun sa ka boko don ka tsere wa fartanya, shi ne za ka haye jirgi ka je ƙasar Turawa ka koma gona? Na rasa amsa. Amsar kuwa tana bayan gidanmu, don duk wanda ya tashi a ƙauye a cikinku ya san ƙuduji, wasu su ce wuta-wuta, ciyawar nan mai fure ja-ja mai kyau kamar ka tsinka ka kai wa amarya, alhali ita ce ke shanye dawa da gero tun daga ƙarƙashin ƙasa. Muna yara Baba yakan sa mu cire ta, mu cire bana baɗi ta dawo ta ninka, har nakan ce a raina wannan abu da aljanu a ciki.

Sai da na shiga karatun na ga ashe babu aljani ko ɗaya. Tushe guda na ƙuduji yana zubar da iri dubun dubata, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 yana jira. Jiran me? Ba ya tsirowa sai ya shaƙi wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa, da ya ji shi sai ya tsiro ya maƙale a jikin saiwar ya yi ta tsotsa, kafin ka ga furen nan a sama ya gama ɓarnarsa a ƙasa. Kenan mu da muke cirewa bayan ta yi fure, ihu bayan hari muke yi. A 1966 aka fara gano wannan sinadari, a saiwar auduga ma aka same shi, ita auduga tana sa irin ya tsiro amma ba ya iya kama ta sai ya mutu da yunwa, shi ya sa in aka juya gona da auduga ko waken soya ƙuduji ke raguwa. Sannan a 2008 masu bincike suka gano cewa wannan dangin sinadarin shi ne tsiro ke amfani da shi a cikin jikinsa wajen tsara yadda zai yi rassa. Ku duba fa, ciyawar da ta hana iyayenmu barci ita ta buɗe wa duniya wani babi sabo a kimiyya. Wani ɗan Habasha, Gebisa Ejeta, da ke jami'ar Purdue a Amurka, ya ci babbar kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda irin dawar da ya samar mai jure ƙuduji da fari. Shi ma ɗan ƙauye ne.

To abin da na zo in faɗa kenan, sauran duk ƙarin bayani ne. Ku da kuka taso daga gida kuna da jarin da ba ku san kuna da shi ba. Ranar da aka yi min intabiyu na dakta, mu da yawa muka nema, wasunsu sun fi ni maki sun fi ni Turanci, amma da farfesan ta tambaye ni me ya sa ƙuduji, ban kawo mata abin da na haddace ba, na ba ta labarin gonar Baba, wane ɓangare ya fi kamuwa, me ya faru shekarar da muka zuba takin shanu, me ya faru da muka haɗa da gyaɗa. Daga baya ta ce min ta yi shekaru tana nazarin wannan ciyawa a cikin tukunya a ɗakin gilas, amma ba ta taɓa samun ɗalibin da ƙuduji ya taɓa hana shi tuwo ba.

Kuma matsalolin ba su da iyaka wallahi. Manyanmu a nan sun tuna dalar gyaɗa a Kano, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 tana cikin abubuwan da suka durƙusar da noman. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, kowa ya koma miyar kuka dole. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ake zuba masa. Duk waɗannan aikin masanin tsirrai ne. Kuma ana yi, kar ku ɗauka ba a komai a gida, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da wake a ƙarshen 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, na san akwai masu ja a kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, ni ina da nawa ra'ayin amma ba yau ba, in ba haka ba sai tuwon nan ya huce. Akwai kuma cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA tana Ibadan tana da reshe a Kano, ICRISAT na da tasha a Sadore kusa da Yamai, 'yan'uwanmu na Nijar sun sani.

Yanzu bari in shiga yadda ake yi, don na ga wasu sun fito da biro.

In ka shiga intanet kana neman kwas mai suna botani a ƙasar nan da wuya ka samu, sun sauya sunan, kimiyyar tsirrai suke ce masa yanzu, wani wurin kimiyyar amfanin gona. Mastas shekara ɗaya ce kacal kuma tana gudu kamar ruwan Agusta, kafin ka saba da sanyi an ce ka kawo kundi. In kai mai son sanin itatuwa da rarrabe su ne, lambun binciken tsirrai na Kew a Landan na yin mastas tare da jami'ar Queen Mary, lambun Edinburgh ma na yi da jami'ar garin. In kai na ɗakin gwaji ne, ƙwayar halitta da cututtuka, ka duba cibiyar John Innes a Norwich. In na gona ne akwai cibiyar binciken noma ta Rothamsted, su da suke da gonar alkamar gwaji da ake shukawa tun 1843 ba a fasa ba, ku ji haƙuri. A ƙetare kuma jami'ar Wageningen ta Holan ba ta da na biyu a harkar noma.

Amma a matakin dakta sunan jami'a ba shi ne ba, malamin da zai duba ka shi ne. Shekara uku zuwa huɗu za ku yi tare, kamar aure ne ba saki. Ka karanta takardu biyu ko uku da ya wallafa kafin ka rubuta masa imel, ka faɗa masa abin da ka gani a aikinsa da abin da kake son ɗorawa, gajere. Wannan doguwar wasiƙar da muka saba, gaisuwa shafi guda da kirari, wadda ake tura wa farfesa hamsin iri ɗaya har a manta a sauya suna, kwandon shara take tafiya. Kuma ka nemi ɗalibansa na da ka tambaye su a asirce yaya halinsa yake.

Maganar kuɗi, ina roƙonku da Allah kada wanda ya sayar da filin gado don ya biya wa kansa dakta a kimiyya. Bayan kuɗin makaranta akwai kuɗin kayan gwaji, ba ya ƙarewa. Dakta ta kirki ita ke biyanka. Tun 2021 hukumar bincike ta ƙasar nan ta buɗe guraben tallafinta ga 'yan ƙasashen waje, har kashi 30 cikin 100, kuma alawus ɗin shekarar karatu ta 2025 ya kai fam 20,780 babu haraji. Ba za ka yi arziki ba amma za ka ci ka biya haya. Akwai kuma wasu hanyoyin tallafin karatu, akwai Commonwealth, akwai Chevening ta mastas, akwai DAAD ta Jamus. Mafi yawa tun daga Oktoba zuwa Janairu ake rufewa, mu kuwa sai Yuni muke farkawa. Masu iyali kuma ku sani tun Janairun 2024 yawanci mai mastas na zaman aji ba ya zuwa da mata da yara, sai mai karatun bincike.

Abu biyu za ku fara koya tun yau ko da ba ku samu gurbi ba, lissafin ƙididdiga da manhajar kwamfuta mai suna R da ake nazarin lambobi da ita, kyauta ce. Ni na zo ina taƙama na san ganye, aka ajiye min lambobi dubbai a kwamfuta aka ce in fitar da ma'ana, wata uku ina zufa a tsakiyar hunturu. Kuma ku shirya wa asara. Shekarata ta biyu, hutun Kirsimeti, na'urar ɗumama ɗakin da dawata take ta lalace ba wanda ya lura, na dawo na tarar da aikin wata shida a kwance kamar an zuba masa ruwan zafi. Na zauna a ƙasa na yi kuka da hawaye, ni da gemuna. Na kira Baba ina ba shi labari, ya yi dariya ya ce to yanzu ka zama manomi.

Aiki fa bayan an gama? Iyaye wannan ce tambayarku na sani. Ba zan yi muku ƙarya ba, albashin farko bai kai na likita ba, kuma in a jami'a ka tsaya kwantiragi ne na shekara biyu ko uku kana ƙaura daga gari zuwa gari, matata tana nan ku tambaye ta sau nawa muka naɗe kaya. Amma akwai kamfanonin iri irin su Syngenta da KWS, akwai masu duba lafiyar tsirrai a tashoshin jiragen ruwa da na sama, su ne masu leƙa jakar Hajiya in ta dawo da ɗanyen rogo da 'ya'yan zogale za ta shuka a bayan gida. Tun Fabrairun 2024 kuma dokar Ingila ta ce duk babban gini sai ya ƙara wa halittun wurin aƙalla kashi 10 cikin 100 a kan yadda ya same su, to wa zai je ya ƙirga ciyayin? Wanda ya iya gane tsiro da ido, kuma sun yi ƙaranci. Yaranmu da aka haifa a nan ku ji wannan da kyau.

Ku iyayen yaran ne ma nake da ƙorafi a kanku, har da ni. Akwai wani likita ɗan Sikotlan, Dalziel, da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya bi ƙauyuka yana tambayar mutane sunayen itatuwa, a 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, har yau masana na komawa gare shi, kuma itacen nan hano, wasu su ce ararraɓi, sunansa na kimiyya da sunan wannan Bature yake tafiya. Wa ya gaya masa sunayen? Kakanninmu. Na je ɗakin ajiyar busassun tsirrai na Kew, samfuri sama da miliyan 7, na buɗe wata takarda na ga reshe daga ƙasarmu da sunansa na Hausa a rubuce da hannu, jikina ya yi sanyi, don ranar da safe na tambayi ɗana mene ne gawo ya ce min mataccen mutum. Gawo fa, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa. Saboda haka in kun je hutu gida, a rage zaman falo, a haɗa yaro da kakarsa ta zaga da shi ta nuna masa aduwa da kanya da ɗinya da sabara da magarya, ya ɗauki hoto ya rubuta sunan da abin da ake yi da shi.

Malam shugaba na ga kana kallon agogo. Roƙona ga ƙungiya guda ne, in lokacin zafi ya zo a ɗauki bas ɗaya a kai yaran nan Kew, ni zan yi jagora kyauta, sai dai a ba ni fura. Masu son neman gurbin bana kuma ina teburin can kusa da ƙofa bayan sallar la'asar, ku zo da sakamakon digirinku da abin da kuka rubuta ko da shafi ɗaya ne, za mu duba tare. Hajiya ke kuma ciwon gwiwar nan a je asibiti don Allah. Wassalamu alaikum.