Me ya sa zugin tuntuɓe yake makara?

Assalamu alaikum, masu kallo.

An kira assalatu, unguwa ba wuta, ka fito daga lungu da silifas za ka masallaci. Sai babban yatsanka ya gamu da dutsen da aka tokare ƙofar wani gida da shi. Tuna yadda abin yake zuwa. Da fari ka ji ƙafa ta bugi abu, gau. Nan take wata suka mai kaifi ta biyo. Har ka yi salati ka ce a'a, da sauƙi, sai can zugin gaske ya iso, wanda zai bi ka har cikin sahu ya hana ka zaman tahiya.

Bugu ɗaya ka yi, amma saƙo uku ƙafar ta aika, kowanne da hanyarsa da gudunsa.

Mu Hausawa komai jijiya muke ce masa. Wadda ake tsira wa allura a ɗebi jini jijiya ce, wadda take gagarar haƙori a tsire ita ma jijiya ce. Ta yau ba ta ɗaukar jini. Farin zare ne mai kai saƙo, saƙon kuma ɗan lantarki ne da yake bin zaren kamar wuta a waya.

Mai kai labarin taɓawa ita ce mai kauri, an naɗe ta da wani kitse kamar yadda ake rufe wayar wuta da roba, sai saƙo ya riƙa tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa. Gudunsa yana kaiwa mita 70 a daƙiƙa, wajen kilomita 250 a awa ke nan. Mai kai suka ta fi sirantaka, naɗinta kaɗan ne, gudunta mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa, ku ɗauke ta adaidaita sahu da ta samu titi ba cunkoso. Mai kai zugi kuwa tsirara take, ba naɗi ko kaɗan, tana yin kamar mita ɗaya a daƙiƙa, tafiyar dattijo da sanda. Daga yatsan ƙafa zuwa baya akwai kusan mita guda. Wannan daƙiƙar da ka samu ka yi salati, dattijon ne yake kan hanya.

To daga ina saƙon yake tashi? A cikin fata akwai 'yan ƙananan masu gadi, kowa da aikinsa: mai jin shafa, mai jin dannawa, mai jin karkarwa kamar ta waya a aljihu, mai jin fata ta miƙe. Ba a raba su daidai ba. Je Kantin Kwari ka ga ɗan kasuwa ya kama gefen shadda da yatsa biyu. Bai ko kalle ta ba, murzawa ɗaya zai ce maka wannan ba gezna ba ce. Kan yatsa cike yake da masu gadin nan. Ku gwada a gida: a samu tsinken sakace biyu, mutum ya rufe ido, a taɓa kan yatsansa da su a tare. Ko tazararsu milimita 3 ce zai ce biyu ne. A koma gadon bayansa, a buɗa su har santimita 3, da yawa za su rantse tsinke ɗaya ne.

Masu gadin ciwo su ba su da wani gida, bakin jijiya ne kawai a buɗe cikin fata, ba sa motsi sai an yanka, an ƙona ko an matse fiye da kima.

Duk saƙon nan laka yake fara shiga, wadda take cikin ƙashin baya. Laka kuwa ba ta jiran izini. Mai shayi ya kama murfin buta bisa kuskure, hannu ya riga ya fizge kafin ya ce wash, domin laka ce ta ba tsoka umarni, ƙwaƙwalwa daga baya ta samu labari. Daga nan saƙo ya hau sama, kuma sai ya tsallaka zuwa ɗaya ɓarin: na ciwo tun a laka, na taɓawa sai a gindin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa hagun ƙwaƙwalwarsa, damarsa ce take mutuwa. Sai saƙonnin su yada zango a wata tasha da ake kira talamus, a rarraba su, kowane sashen jiki da gurbinsa a saman ƙwaƙwalwa. Wilder Penfield, likitan tiyata a Kanada, shi ya zana taswirar gurabun nan, yana taɓa ƙwaƙwalwar marasa lafiya idonsu biyu suna faɗa masa inda suka ji. Ita kanta ƙwaƙwalwa, duk da ita ce mai jin ciwon kowa, ba ta da masu gadin ciwo a jikinta.

Ga wurin da ya fi burge ni. Yaro ya buga goshi a bango, uwa ta janyo shi tana murza wurin tana cewa sannu, ya wuce. Mukan ɗauka rarrashi ne kawai. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa akwai abu kamar ƙofa a laka. Idan saƙon murzawa, mai saurin nan, ya cika wurin, sai ya tura ƙyaure a rage wa zugi hanya. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da nata umarnin daga sama, har da wani maganin ciwo da jiki yake haɗawa da kansa, endofin. Ɗan dambe zai sha naushi a muƙamuƙi, kalangu na tashi, ya ci gaba da zagaye fili kamar ba shi ba. Sai an tashi, ya zauna ana kwance masa zare, sannan ya kasa buɗe baki. Fargaba da rashin barci kuma wangale ƙofar suke yi.

Yaji fa? A 1997 David Julius a Amurka ya gano cewa sinadarin da ke cikin barkono yana kunna mai gadin da aikinsa shi ne jin zafin da ya haura digiri 43. Attarugu bai ƙona harshenka ba, ƙarya ya yi wa mai gadi, ƙwaƙwalwa ta gaskata har ta sa ka gumi. Ruwa ba ya wanke sinadarin sosai, nono ya fi. Man zafi mai sanyaya fata irin wannan wayon yake wa mai gadin sanyi. Julius da Ardem Patapoutian, wanda ya gano abin da ke sa jijiya ta ji dannawa, su suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2021.

Akwai kuma waɗanda wayar take yanke musu. Mutane suna cewa kuturta ce take cinye yatsu. Ƙwayar cutar jijiya take lalatawa, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji ba, ya ci gaba da aiki a kan gyambo har ƙashi ya lalace. Ciwon suga da ya daɗe shi ma haka yake yi, yakan faro daga yatsun ƙafa, inda jijiyoyi suka fi tsawo: jin kamar kiyashi na bi, ko zafi kamar an shafa barkono da daddare, daga baya shiru. Irin wannan mutumin yakan yini a kasuwa da ƙusa a takalmi, sai ya zo alwala ya ga jini. In kuna da mai suga a gida, Baba ko Hajiya, a zazzage takalmi kafin a sa, a daina yawo ba takalmi a tsakar gida, ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu, kullum da daddare kuma wani ya haska fitila ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.